Kibiyata tana baudewa: laifin baka ne ko na kyauro?

Tambaya: Na gaji baka na dargaza daga kakana. Na sa wani maƙeri a nan Maradi ya ƙera mini kawunan kibau, na ɗaura su a kyauro, amma duk harbin da na yi sai kibiyar ta baude hagu. Da hannun dama nake jan tsirkiya, kibiyar kuma a gefen hagu na baka nake kwantar da ita. Ina gyaran yake?

Amsa: Ɗan'uwa, kyauronka ne ya fi ƙarfin bakan. Da ka saki tsirkiya, kibiya lanƙwasawa take yi ta kewaye jikin baka, sannan ta miƙe a iska. Idan ta yi tauri ba za ta lanƙwasa yadda ya kamata ba, sai ta tafi ɓangaren da ka kwantar da ita, wato hagu a wajenka. Mai laushi kuma ɗaya ɓangaren take nufa. Kibiyarmu ta gargajiya ba a sa mata gashin tsuntsu da zai daidaita ta, shi ya sa aibin ke fita fili.

Fara da kan kibiyar. Ka ce wa maƙerin ya ƙara masa nauyi kaɗan, domin ƙarfe mai nauyi a gaba yana sa kyauro ya ƙara lanƙwasa lokacin saki. Kyauro mai tsawo ma ya fi gajere laushi, don haka kada ka yi saurin yanka. Wanda aka rage ba ya dawowa. Idan akwai fata mai kauri da aka naɗe a mariƙin bakan, rage ta a daidai inda kibiya ke gogawa. Murɗa tsirkiya ko sassauta ta yana taimakawa, amma gyaransa kaɗan ne, bar shi ya zama na ƙarshe.

Masu ƙera kibau a Amurka suna ɗora sanda kan madogara biyu masu tazarar santimita 71, su rataya giram 880 a tsakiya, su auna yadda ta sunkuya. Kai ma kafa ƙusa biyu a bango, ka riƙa ɗora kyauro ɗaya bayan ɗaya a kansu kana rataya dutse guda, ba tare da canza shi ba, a tsakiyar kowanne, ka ware waɗanda sunkuyawarsu ta zo ɗaya. Juya kowanne kana gwadawa, don sau da yawa wani gefen ya fi wani tauri.

Ka kuma lura da lokaci. A hunturu kyauro yana bushewa ya ƙara tauri, tsirkiyar fata kuwa da damina take saki. Ka sake gwaji daga taku goma idan ruwa ya sauka.