Amsa: Hayar RV daga Las Vegas da iyali a watan Yuli

Wa'alaikumus salam Malam. Na ga tambayarka, kana so ka ɗauki hayar RV, motar nan mai gado da kicin a ciki, daga Las Vegas a Amurka, kai da uwargida da yara, kwana goma a watan Yuli, ku bi gandayen shaƙatawa na Death Valley da Zion da Grand Canyon har Yellowstone. Toh ni na bi wannan hanyar da iyalina, bari in faɗa maka yadda take.

Yellowstone dai cire ta kawai. Tana can Wyoming, daga Vegas sama da kilomita 1,000 ne zuwa kaɗai, kuma RV ba ta gudu ga shan mai, rabin hutun a kan titi zai ƙare yara na kuka a baya. Death Valley ma a Yuli ban ba ka shawara ba wallahi. A wajen ne aka auna zafi digiri 56.7 a shekarar 1913, kuma Badwater da ke cikinta tana ƙasa da teku da mita 86, zafin Sakkwato na watan Afrilu wasan yara ne a kansa. Kamfanonin haya da yawa ma suna rubutawa a takardar yarjejeniya cewa ba a shiga da motarsu can lokacin zafi, in ta mutu maka a ciki kuɗin janta a wuyanka yake. Ka karanta takardar nan da kyau kafin ka sa hannu.

Abin da nake so ka riƙe shi ne a wannan tafiyar ruwa ne ke tsara maka komai, ba taswira ba. Ma'aikatan gandun suna cewa kowane mutum ya tanadi galan ɗaya a rana, wajen lita 4 kenan, amma wannan na sha ne kawai, su ba su lissafa da alwala sau biyar da tsarki da wankin tukunya ba. Tankin motar kana ganinsa kamar zai kai ku, kwana biyu yara sun buɗe famfo sun wanke hannu sun yi wasa sai ka ga fitilar ta nuna ya kusa ƙarewa. Ka sayi jarkoki tun daga Vegas ka cika, ka tafi da buta biyu, alwala kuma ku dinga yi a waje don duk ruwan da ya bi ta sinki taruwa yake a wani tankin daban. Sai na bayi, shi ma nasa daban, kuma kai maigida kai za ka tsuguna ka jona bututu ka juye shi a wurin da aka tanada. Ka fara buɗe na bayin, bayan ya gama sai ka saki na ruwan wanki ya wanke maka bututun. Safar hannu ta roba kar ka manta, a nan kam babu maganar girma.

Sai maganar kwana. Na'urar sanyin da ke saman motar ba ta aiki sai an jona wuta ko an tada janareta, janaretan kuma akwai awannin da aka yarda, da dare a kashe yake. Kaga kenan a Yuli dole ka nemi wurin da ke da wuta ko ka hau tudu. Sansanin kwana na Watchman a Zion akwai wuta a wasu wuraren, amma ta shafin Recreation.gov ake kamawa tun wata shida kafin lokaci kuma nan da nan yake cika. Sansanin Mather a Grand Canyon babu wuta, sai dai wajen yana sama da mita 2,000 dare na yin sanyi. Bryce Canyon ta fi ma tudu, ta haura mita 2,400, ko a Yuli da asuba sai ka nemi rigar sanyi kafin ka fita alwala, kuma ni a wajena ita ce ta fi kyau a duk tafiyar, duwatsun nan jajaye a tsattsaye lokacin da rana ke fitowa. Akwai filayen gwamnati na BLM, hukumar da ke kula da su, da ake kwana kyauta har kwana 14, ba ruwa ba bayi ba kowa, muna son su sosai, amma yawanci hanyar ƙasa ce kuma inshorar haya ba kasafai take rufe hanyar da ba kwalta ba. Kuma don Allah kar ka yi fakin a cikin busasshen rafi wai don ya fi shimfiɗa, daga Yuli zuwa Satumba ruwa na iya sauka can nesa inda ba ka gani, sai dai ka ga ambaliya ta taho. A 1997 mutum 11 ta kashe a Antelope Canyon.

Zion ba a shiga cikin kwarin da mota a wannan lokacin, bas ɗinsu ake hawa, ka yi sammako don wurin fakin na cika da wuri. Hanyar da ta fita ta gabas kuma akwai ramin dutse da mota ke bi ta ciki da aka gama tun 1930, matsattse ne, manyan motoci suna da doka ta daban a kansa. Shi ya sa nake cewa ka ɗauki ƙaramar da za ta ishe ku, ba ƙatuwar da ta yi kyau a hoto ba.

Katin shekara na shiga gandayen dala 80 ne ga mazaunin Amurka, mota ɗaya da duk wanda ke ciki, gandu uku ya fanshe kuɗinsa. Amma ba ya aiki a Monument Valley don ƙasar ƙabilar Nabaho ce, kuɗinsu daban. Wani abin kuma, su suna canja agogo lokacin zafi sauran Arizona ba sa canjawa, sai wayarka ta dinga tsalle da awa ɗaya, lokacin sallah gara ka duba rana. Sabis ma ɓacewa yake, ka sauke taswira tun kana gari, tankin mai in ya kai rabi ka cika.

Nama na halal a Vegas za ka saya ka zuba a firij, ƙananan garuruwan Utah ba za ka samu ba. Yaji da shinkafa da garin kwaki sun rufa mana asiri sosai. Ni da zan tsara maka, Zion, Bryce, sai garin Page, sai Grand Canyon ku dawo Vegas, ya ishi kwana goma ba gaggawa. Shekarun yaran nawa ne? Kuma hutun makaranta ne ya ɗaure ka a Yuli ko za ka iya matsawa zuwa Oktoba? In za ka iya, sai mu sake maganar Death Valley.