Raɗaɗin tiyatar ɗame ciki bayan haihuwa

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita. Haihuwata uku, na yaye na ƙarshen wata shida da suka wuce. An sa mini ranar tiyatar ɗame ciki, za a rage fatar da ta saki, a ɗinke tsokar da ta rabu. Ciwon da zai biyo baya nake tsoro. Kwana nawa yake yi, kuma me zan sha?

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Ba yankan fatar ne zai fi damunki ba, ɗinkin tsokar ne. Da ita ake tari, dariya, tashi da zama, shi ya sa kowane motsi sai kin ji shi. Kwana 3 na farko su ne masu wuya, daga mako ɗaya abin ya fara sauƙi, sai jin kamar an ja cikin an ɗaure tamau, wanda kan kai makonni.

Kuskuren da aka fi yi shi ne jira sai ciwo ya taso sannan a nemi magani. A kwanakin farko agogo za ki bi. Farasitamol giram 1 duk awa 6, kada ya haura giram 4 a awa 24. Idan nauyinki bai kai kilo 50 ba ko kina da ciwon hanta, dole a rage. Ki riƙa duba kwalin sauran magunguna, domin na mura da yawa akwai farasitamol a ciki, ta nan ake wuce ƙa'ida ba a sani ba. Idan likitan da ya yi aikin ya amince, ana haɗawa da ibuprofen miligiram 400 duk awa 8, ba da yunwa ba. Mai gyambon ciki ko ciwon ƙoda ba ta shan sa. Asfirin kuwa ki bar shi, yana hana jini tsayawa.

Masu ƙarfi irin su tiramadol da kodin na 'yan kwanaki ne kawai. Suna sa jiri da taurin bayan gida, kuma yunƙuri da sabon ɗinki ba ƙaramar azaba ba ce, don haka ki nemi maganin sassauta ciki tun ranar farko. Da a ce kina shayarwa ma da ba za a ba ki su ba, suna bi ta nono su danne numfashin jariri.

Rabin sauƙin yana ga kwanciya. Ki kwanta rigingine, a tokare bayanki da matashi, a sa wani a ƙarƙashin gwiwa, don kada ɗinkin ya miƙe. In za ki tashi, fara juyawa gefe, ki sauke ƙafafu, ki dogara da hannu. Tari ko atishawa, rungume matashi a ciki. Ki fara takawa tun washegari, a ɗan sunkuye, minti 5 duk awa biyu. Wannan ne ke kare ki daga daskarewar jini a jijiya. Ɗamarar da za a ba ki ana sa ta mako 4 zuwa 6, ta kama jiki amma kada ta hana numfashi. Ɗaukar abin da ya haura kilo 5 sai bayan mako 6, kuma autanki yana cikin lissafin, komai kukansa.

Kada ki gasa wurin da ruwan zafi, kada ki ɗora ƙanƙara kai tsaye. Fatar ƙasan cibiya takan yi watanni ba ta ji, za ta ƙone ba ki sani ba. Jin suka kamar ta allura da kan zo daga baya, jijiyoyi ne ke farfaɗowa.

Ki koma asibiti ba jira idan ciwon ƙaruwa yake yi maimakon raguwa, ko gefe ɗaya ya kumbura farat ɗaya ya yi tauri, ko zazzaɓi ya kai digiri 38, ko ɗinkin ya yi ja yana fitar da mugunya. Kumburi da ciwo a sha-raɓar ƙafa ɗaya, ciwon ƙirji ko sarƙewar numfashi kuwa, ko tsakar dare ne a tafi da ke.