Ki ajiye ƙamus ɗin nan ki ƙarasa littafin tukuna

Wa'alaikumus salam. 'Yar'uwa da kika ce kin ɗauki littafin labari na Turanci, irin na yarinyar da ke tasowa daga ƙuruciya zuwa girma, don ki ƙara yawan kalmominki, amma kin maƙale a babi na uku, kowane shafi sai kin buɗe ƙamus ba adadi, kin cika littafin rubutu da kalmomi, washegari kuma ko ɗaya ba ki iya tunawa: wallahi da na karanta sai na ji kamar ni ce na rubuta. Kada ki ce kanki ne ba ya ja. Hanyar da aka koya mana ce ba ta ɓullewa.

Ni wani malaminmu na Turanci ne ya ɗora ni a kanta, kuma har yau idan na tuna shi raina sai ya sosu. Shi ma irin wannan littafin ya ba mu, labarin wani yaro da ya bar gida ya tafi makarantar kwana. Dokarsa ita ce duk kalmar da ba ka sani ba ka kwafe ta, ka kwafe ma'anarta kaf yadda take a ƙamus, har da ma'anonin da ba su da alaƙa da labarin, ranar Litinin ka kawo hadda. Bai taɓa tambayarmu me ya faru da yaron ba, ko sau ɗaya. Ni kuwa ina son labarin, a ɓoye nake wuce inda aka tsaya. Ranar da ya ce kowa ya tashi ya yi jimla da sabuwar kalma, na miƙe da ƙarfin gwiwata, don akwai wata da na tsinta a gaba, na gane ta sarai, na san inda ake sa ta. Matsalar ɗaya ce: akwai harafi a tsakiyarta da Turawa ba sa furtawa, ni kuma a takarda kawai na taɓa ganinta, ban taɓa jin ta a bakin kowa ba. Na faɗe ta yadda take a rubuce. Mutumin nan ya sa hannu a kunne ya ce in maimaita. Na maimaita. Ya ce in ƙara ɗaga murya, na baya ba su ji ba. Sannan ya kwaikwayi muryata, ajin ya ɓarke da dariya, har da masu dukan tebur. Jimlar tawa daidai take fa, ko kuskure ɗaya babu a cikinta, amma bai ce uffan a kan wannan ba. Kalmar ta zama sunana har ƙarshen zangon. Na daina ɗaga hannu a aji, na daina wuce shafin da aka tsaya, kuma na daɗe ban sake taɓa littafin labari na Turanci don jin daɗi ba. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne daga baya na fahimci cewa duk wanda ya furta kalma yadda take a rubuce, alama ce a karatu ya same ta. Malamin kirki da yaba mini zai yi, ya gyara mini cikin daƙiƙa biyu. Allah ya isa ban ce ba, amma ban manta ba.

To, ki yi haƙuri, na saki hanya. Ga abin da na gano bayan na dawo wa karatu da kaina.

Ki fara duba ko littafin ma daidai da ke ne. Paul Nation, masanin koyon kalmomi na Jami'ar Victoria da ke Wellington a New Zealand, ya nuna cewa mai karatu yana bukatar sanin wajen kashi 98 cikin 100 na kalmomin rubutu kafin ya fahimce shi ba tare da taimako ba. Wato baƙuwar kalma ɗaya a cikin 50. A shafi mai kalma 300, guda 6 ke nan. A bincikensa na 2006 ya ƙiyasta cewa karanta littattafan labari na Turanci haka nan yana bukatar tushen kalmomi 8,000 zuwa 9,000. Ki buɗe tsakiyar littafinki ki ƙirga a shafi ɗaya. Idan kin ga 20 ko 30, ajiye shi ba abin kunya ba ne. Akwai littattafan da aka sauƙaƙa musamman don masu koyo, mataki-mataki, ki hau su ki dawo masa bayan wasu watanni. Sannu ba ta hana zuwa.

Idan kuwa bai kai haka ba, to ki daina bin kowace kalma. Wannan shi ne babban abin da nake so ki ɗauka. Kusan rabin kalmomi daban-daban da ke cikin littafi sau ɗaya tak suke fitowa. Sunan wani tsuntsu, sunan wani sashe na jirgin ruwa, ki sha wahalar haddace su, marubucin kansa bai sake waiwayarsu ba. Ni yanzu fensir nake riƙewa. Na ga baƙuwar kalma, in ɗiga mata ɗigo a gefen shafi in wuce. Idan ta sake dawowa, ta kuma dawowa, to ta ci a buɗe mata ƙamus. Sai dai idan ita ce ta tare ƙofa, ba ki gane abin da ya faru ba sai da ita, wannan ki duba nan take.

Kuma kin yi dacen irin littafin da kika zaɓa. Labarin tasowa a 'yan wurare kaɗan yake zagaye: gida, makaranta, ƙawaye, faɗa da iyaye, soyayyar farko, rashin wani. Don haka kalmomin suna maimaita kansu. Kalmomin kunya, kishi, fushi, nadama, yadda mutum ke zumɓura baki ko ya ɗaga kafaɗa ko ya yi gunaguni, za ki yi ta cin karo da su har su zauna da kansu. Su ne kuma waɗanda littattafan makaranta ba su cika koyarwa ba. Akwai kalmar da ke nufin mutum ya ɓata rai ya ƙi kula kowa don a lallashe shi. Ban taɓa haddace ta ba. Ƙanwar tauraruwar wani littafi ce take yin haka duk lokacin da aka hana ta abu, ta haye bene ta rufo ƙofa, har yau idan na ga kalmar ita nake gani.

Shi ya sa idan za ki rubuta, kada ki rubuta kalma tsirararta. Ki kwafo jimlar da ta zo a ciki, ki sa wanda ya faɗe ta da wanda aka faɗa wa. Ma'ana ɗaya kawai, wadda ta dace da wurin, kuma da Hausarki, yadda za ki yi wa ƙanwarki bayani. Biyar a babi sun isa. Na san za ki ce sun yi kaɗan. Littafi mai babi 30 ya ba ki 150 da kika riƙe da gaske.

Mantuwar da kike kuka da ita kuwa kowa haka yake. Tun 1885 Bajamushen nan Hermann Ebbinghaus ya gwada a kan kansa, ya ga mafi yawan mantuwa a sa'o'in farko da ranar farko take faruwa, daga nan ta lafa. Da gaɓoɓi marasa ma'ana ya yi gwajin, kuma jerin kalmomin da aka raba da labarinsu bai fi su da yawa ba. Maganin shi ne bita mai tazara: gobe, bayan kwana uku, bayan mako, bayan wata. Wani Bajamushen, Sebastian Leitner, ya fito da tsarin kati da akwatuna a shekarun 1970: katin da kika tuna ya matsa akwatin gaba inda ba a cika dubawa ba, wanda kika manta ya koma na farko. Manhajar Anki a waya ita ma a kan bita mai tazara aka gina ta. Ni dai takarda ta fi mini, don da na ɗauki waya sai in tsinci kaina a wani wurin. Ki rufe ma'anar ki tilasta wa kanki tunowa kafin ki leƙa, karanta jerin kawai yaudarar kai ne.

Sannan don Allah ki riƙa saurare. Ƙamus na waya akwai alamar lasifika, ki taɓa, ki maimaita a bayyane. Idan akwai littafin a murya, ki sa a kunne kina bin layi da ido. Ba na so wani ya yi miki abin da aka yi mini. In kuma an yi, ki ce na gode da gyara, ki ci gaba da maganarki.

Wani abu da ba ki tambaya ba. Irin waɗannan littattafan yawanci matashi ne ke ba da labarin da bakinsa, cike da sarar 'yan zamaninsa. Wasu kalmomin sun tsufa, wasu na ƙasa ɗaya ne, na Amurka daban na Ingila daban, wasu kuma ashar ne tsagwaronsa. Ƙamus mai kyau yana sa alama a gefen kalma idan ta hira ce ko ta batsa ko tsohuwa. Ki duba alamar kafin ki sa ta a jarrabawa ko takardar neman aiki. Abin da yarinya 'yar shekara 15 ta gaya wa ƙawarta a bayan aji ba shi za ki rubuta wa shugaban ma'aikata ba.

Ki koma babi na ɗaya yau da dare, ba ƙamus, ba littafin rubutu, fensir kaɗai. Za ki ga ukun da suka wahalar da ke sun wuce da sauri, tunda kin riga kin san mutanen. Idan kin kai babi na biyar ki dawo nan ki gaya mana kalmomin da suka fi samun ɗigo, sai mu duba su tare.