Amsa ga mai tambaya kan Camaro Z/28 ta 1969

Alhaji, ka ce ka ga tallar motar Camaro Z/28 (wani samfurin Camaro na musamman mai ƙarfin gudu) ƙirar 1969 a Amurka, mai ita ya rantse ta asali ce, amma kuɗin da ya yanka ya sa jikinka ya yi sanyi. Gara da ka tsaya. Na daɗe ina yawon duba tsofaffin motocin nan, kuma masu harkar kan yi raha cewa Z/28 da ke yawo yau sun ɗara 20,302 da Chevrolet ta ƙera a shekarar.

Tushen rigimar, lambar casis ta 1969 ba ta faɗin ko Z/28 ce. Za ka ga 124379, wato mai injin V8 ce ta 69, sai N idan a Norwood ta jihar Ohio aka haɗa ta, ko L idan a Van Nuys ta jihar California ne. Iyakarta ke nan. Tambari da layukan fentin bonet kuwa, sababbi fil ake sayar da su.

Akwai ɗan farantin ƙarfe a ƙarƙashin bonet. Motocin Norwood daga wajen Disambar 1968 suna ɗauke da X33 ko X77 idan Z/28 ne, na Van Nuys ba su da wannan alama. Shi ma farantin ana buga jabunsa, kada ka dogara da shi kaɗai.

Ni a injin nake daɗewa. Nata 302 ne (lambar girman injin ke nan), da haruffan DZ a wani ɗan fili gaban injin ta gefen fasinja, kuma wutsiyar lambar casis da aka buga a jikinsa dole ta dace da ta motar. Na taɓa tuƙin awa huɗu don wata ja mai ɗaukar ido. Na haska tocila, ga DZ raɗau, sai dai filin sumul kamar tire, babu siraran layukan nan da injin masana'anta ke bari. Mutumin ya ce wajen gyara aka goge. Ta yiwu gaskiya ya faɗa, amma ba zan zuba kuɗin asali a kan "ta yiwu" ba. Na sha kofinsa na yi gaba.

In ka ga giya otomatik ko na'urar sanyi daga kamfani, zance ya ƙare, domin Z/28 ta shekarar giyar hannu mai huɗu kawai take da ita, kuma ba ta zo da na'urar sanyi ba.

Nemi takardun dilan farko da katin garantin da ake kira Protect-O-Plate. Bi gefen tayoyin baya, gindin gilashin baya da ƙasan but da maganaɗisu, inda ya ƙi kamawa ciko ne aka lulluɓe tsatsa da shi.

Ba a cinikin biri a sama, Alhaji. Biya wani masanin Camaro da bai san mai motar ba ya je ya gani da idonsa kafin ka tura ko dala ɗaya. In injin ba nata ba ne kuma babu takarda, taya ta a farashin Camaro V8 gama-gari. Turo mana hoton farantin da na filin DZ ɗin, a kusa sosai.