Yaya, ga amsar maganar sandar ƙarfen nan

Yaya, sau uku na saurari saƙon muryarki. Da farko dariya na yi, amma da kika ce Inna ta kwana biyu tuwo ba ya shiga, sai jikina ya yi sanyi. Kin ce labari ya iso Argungu wai matan Hausawan Manchesta sun koma rawar gidan giya, har da ni, kika rufe da "wai mi ak kai ki ga wanga abu, kuma mazanku suna ina?" Maganar ta fi ƙarfin minti biyun WhatsApp, shi ya sa na zauna na rubuto.

Eh, ina hawa sandar ƙarfe duk ranar Asabar da hantsi, wasan nan da Turawa ke kira "pole dance", amma mu don motsa jiki muke yi. Baban yara ne ma yake ajiye ni a ƙofar wurin, ya wuce da yara Islamiyya.

Ki tuna damtsen Inna lokacin muna yara. Surfen gero da asuba, casar shinkafa idan an yi yanka a fadama, jan guga, ga tulu a ka. Ba ta taɓa ware lokaci ta ce za ta motsa jiki ba, aikin gida ne ya gina ta. Mu a nan inji ke wanki, garin tuwo a leda yake zuwa, ruwan zafi na cikin famfo. A watan Disamba kafin ƙarfe 4 an yi magariba, ga ruwan sama ba sallama, mace sai ta yi kwana uku ba ta taka ƙofar gida ba. Bayan haihuwata ta uku, buhun shinkafa mai kilo 10 ya gagare ni hawa bene da shi, na zauna a kan matakala ina haki, bayana kamar an sara. Likita ta auna jinina ta ce sinadarin bitamin D ya yi ƙasa, abin da ya zama ruwan dare ga baƙar fata masu rufe jiki a ƙasar da rana ke rowa. Ta rubuta magani, ta ƙara da shawarar hukumar lafiyarsu ta NHS: minti 150 na motsa jiki a mako, da aikin ƙarfafa tsoka kwana biyu. Na leƙa gidan motsa jiki na unguwarmu, maza da mata a cakuɗe, madubi ta ko'ina. Ban koma ba.

Wata 'yar Gusau, nas ce a nan, ita ta kawo mana maganar sandar a wurin wani suna. Irin salatin da kika yi, shi muka yi mata.

Ba zan yi miki kwana-kwana ba, abin da kuka ji game da asalinsa akwai gaskiya a ciki. A gidajen rawar dare na Amurka da Kanada ya yi suna, sai a shekarun 1990 wasu mata suka fara koyar da shi a matsayin motsa jiki. Amma hawa sanda don neman ƙarfi ya girmi wannan. 'Yan kokawar Indiya sun daɗe suna horo a kan gungumen itace da aka kafe a ƙasa, suna kiransa mallakhamb, 'yan wasan tsalle-tsalle na Sin ma suna da nasu, su kuma da tufafinsu suke hawa. A 2009 aka kafa ƙungiyar wasan ta duniya, ta shirya gasarta ta duniya ta farko a Landan a 2012, kuma yau maza ma suna shiga, ana ba da maki kamar sauran wasannin tsalle-tsalle. Sunan dai bai wanku ba, ni ma na sani.

Mu takwas ne. Karo-karo muke yi mu kama ɗakin na awa ɗaya, mu kaɗai, malamarmu mace. Ana sauke labule, a kulle ƙofa. Babu takalmi mai tsini, babu karairaya, ƙafa tsirara muke yi. Waya kuwa a kwando take kwana tun daga bakin ƙofa, kuma wannan dokar ta samo asali ne daga hoton da ya iso muku: wata daga cikinmu ce murna ta ɗebe ta ranar da ta fara kaiwa sama, ta ɗora a sitatus. Ta sha faɗa, har yanzu kunyarmu take ji.

Batun sutura shi ya fi ɗaukar mana lokaci. Gajerun kayan da kike gani a hotunan Turawa suna da dalili: sandar ƙarfe ce mai sheƙi, fatar cinya da ta bayan gwiwa ce ke kama ta, yadi kuwa zamewa yake yi. Mace ta hau da wando na yau da kullum, sai dai ta ji ta a ƙasa. Da muka yi wa malama bayanin cewa ko a tsakanin mata akwai iyakar abin da muke buɗewa, sai ta kawo sanda biyu masu rufin roba da ake kira silikon. Ita wannan tufafi take kamawa, fata tsirara ma ƙuna take yi mata, dole ne ki rufe jiki kafin ki hau. Dogon wando da riga mai dogon hannu muke sawa. Inna za ta fi ganin fatar mace a gidan biki fiye da a ɗakin nan.

Ranar farko na kunyata. An ce kada a shafa mai, ni kuwa sanyin hunturu ya sa na mulke jikina da man kaɗen da kika aiko, har tafin hannu. Na kama sandar ƙarfen don gwada riƙo, na ɗaga ƙafa, sai suuu, na dira a kan tabarmar roba. Malama ta miƙo mini tsumma ta sa na goge sandar tas, ta ce in cire zobe da awarwaro tunda suna karce ƙarfe, suna kuma cin yatsa. Sandar ba ta kai taɓarya kauri ba, milimita 45 ce. Tana da kusa a gindi, a ɗaure ta tsaya cak, a kwance ta riƙa juyawa, kuma sabon shiga a tsayayya ake fara masa saboda jiri. Makonnin farko babu wani hawa. Ɗumama jiki na minti 10, sai zagaya sandar, sai koyon danne kafaɗa ƙasa kada ta haura kunne, sai rataye jiki na daƙiƙa biyar. Duk abin da aka yi da dama sai an maimaita da hagu, kuma a nan ne na gane hagun nawa ado ce kawai. Washegari ɗaura ɗankwali ma sai da 'yata ta taya ni.

Ƙwaurina ya yi kwanciyar jini baƙi-baƙi har wata biyu, tafin hannuna ya yi kanta irin ta masu daka. Sai a wata na uku na kai sama na taɓa silin. Juyewa kai ƙasa kuwa ba a bari sai ciki ya yi ƙarfi, da katifa a ƙasa, malama na tsaye tana tallafe da ƙugu. Ɗaya daga cikinmu ta yi gaggawa, ta sayi mai arha a intanet ta kafa a ɗakinta ba tare da ta nemi inda katakon rufin yake ba. Sandar ta huda silin, ita ta gurɗe a hannu, mijinta ya biya mai gida kuɗin gyara.

Kada ki ɗauka duk Hausawan nan sun yarda. Hajiyar da muke kira uwar ƙungiya ta ce sunan kaɗai ya ishe ta, wanda ba ya son a ce ya sha giya ba ya zama a ƙofar mashaya ko da ruwa yake sha. Wasu mazan sun ce a'a, matansu suka koma iyo a ranar mata zalla ko tafiyar ƙafa a lambu, ba mu kuma yi gaba da kowa ba. Ni kaina 'yata mai shekara 14 ta roƙa na ce ta dakata, don abin da za ta gani idan ta bincika sunan a waya ba shi muke yi ba. Kuma ba zan ce ki kafa sanda a tsakar gidanki ba. Sai dai tunda injin niƙa da na casa sun iso ko'ina, ke ma kina kukan gwiwa da nauyin jiki, ki duba ko turmin nan yana nan.

Ki karanta wa Inna wannan a hankali, ki tsallake wurin hoton. Ki ce mata buhun nan mai kilo 10 yanzu biyu nake ɗauka, kuma in Allah Ya kai mu babbar Sallah a tanadar mini gero da taɓarya biyu, ni da ke za mu yi lugude a gabanta. Man kaɗen ya kusa ƙarewa, a haɗo da daddawa idan an samu mai zuwa.