Ya shiga VPN ɗin FortiGate amma bai kai ga sabar ofis ba

Malam, ka ce ma'aikacinka yana haɗuwa ta FortiClient, manhajar VPN da ake shiga hanyar sadarwar ofis da ita daga nesa, lafiya lau, amma sabar ofis ba ta amsa masa. A FortiGate, na'urar tsaron hanyar sadarwar ofis, duba ƙa'idar tsaro (firewall policy) da ta taso daga ssl.root, wato ƙofar da masu VPN ke shigowa ta cikinta. Galibi zangon adireshin sabar ne ba a saka a wajen inda za a je (destination) a ƙa'idar ba. Ka ƙara shi, sannan ma'aikacin ya katse ya sake shiga, domin a lokacin shiga ne kwamfutarsa ke karɓar hanyoyin zuwa ofis.

In abin ya ƙi, tambaye shi adireshin rawutar gidansa. Idan zangon adireshin gida da na ofis duka 192.168.1.0/24 ne, kwamfutar a cikin gida za ta riƙa neman sabar. Canza na gidan ya fi sauƙi, ko 192.168.50.0/24 ma ya isa.