Daga ina za a fara karanta Dorothy Parker?

'Yar'uwa, kin tambayi littafin da ya dace ki fara da shi cikin rubuce-rubucen Dorothy Parker, marubuciyar Amurka da ta yi suna wajen kaifin harshe, da kuma ko akwai wani abu a cikinsu bayan barkwanci. Ki nemi The Portable Dorothy Parker, wanda ya fara fitowa a 1944, domin ya tattara waƙoƙinta da gajerun labaranta wuri guda, kuma bugun da aka faɗaɗa daga baya ya haɗa da sharhin littattafai da ta riƙa rubuta wa mujallar The New Yorker.

Sai dai ina ba ki shawara ki gabatar da labaran a kan waƙoƙin. Ni da waƙoƙin na fara, na ɗauka raha ce kaɗai hajarta, har daren da na karanta "Big Blonde", labarin da ya ci kyautar gajerun labarai ta O. Henry a 1929. Labarin wata mata ce da maza ke so muddin tana dariya, da zarar ta nuna damuwa sai su juya mata baya, ita kuwa ta faɗa shaye-shaye har ta nemi halaka kanta. Na daɗe da littafin a kan cinyata ban iya buɗe shafi na gaba ba. Wannan tausayin ga wanda aka danne ya bi Parker har ƙarshen rayuwarta, domin da ta rasu a 1967, Martin Luther King, jagoran fafutukar neman 'yancin baƙar fata a Amurka, ta bar wa dukiyarta cikin wasiyya.